Man Haɗi Mai Ƙamshin Humra

Shafi na 19

Da sunan Allah. Masu turo min saƙo wai na tsananta wa Khaula, ku adana tausayinku. Akwai wadda ta fi ta buƙatarsa a wannan shafin.

*

Tun daga Gaya har suka shiga Ajingi, Khaula ba ta daina gyara zama a cikin adaidaita ba. Ta ɗora akwatin kwalliyarta a cinya, ta sauke shi tsakanin ƙafafu, ta sake ɗauka. Mahaifiyarta, Batula mai dilka, tana zaune ƙyam kamar an dasa ta, hannu ɗaya a kan kwanon dilkar da ta naɗe da tsohon zane, ɗayan yana jan carbi.

"Ƙaiƙayi kike ji ne?"

"A'a, Iya."

"To ki zauna wuri ɗaya. Ni aka kira a ci wa mutunci, ba ke ba."

Da hantsi Gwaggo Hanne ta bugo waya. Babu sallama, babu ina kwana. Cewa kawai ta yi, "Batula, ki zo ki ga aikinki," ta kashe.

Amaryar da Batula ke wa gyaran jiki a gidan Gwaggon ita ce Fauziyya, ƙawar Khaula tun suna makaranta. Gwaggo Hanne ce ta riƙe ta, ita da yayanta Abdulsalam, tun rasuwar mahaifiyarsu. Ɗaurin aure ranar Asabar, yau ga shi Laraba. Shi kuma Abdulsalam ɗin, an riga an tsayar da magana cewa da an watse daga wannan biki manyansa za su je Gaya neman auren Khaula. Kowa ya san a gidan nan ba a ɗaura komai, ba a kwance komai, sai da bakin Gwaggo Hanne.

Tsakar gidan cike yake da mata. Wasu na murza dubulan a kan faranti, wasu na tsame cincin daga mai, hayaƙi da surutu sun haɗe. Suna yin sallama surutun ya yanke. Aka amsa musu a daƙile. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ce, "Sannu da hanya, Batula," ita ma ba ta ɗago kai daga kan kaskonta ba.

Gwaggo Hanne tana tsaye a bakin ɗakin amarya, ta riƙe ƙugu.

"Ku shigo. Ki saki labulen, Khaula. Ban gaya wa kowa ba tukuna, amma sun ji kukanta."

Fauziyya tana takure a ƙarshen katifa, ta lulluɓe kanta da mayafi har ƙasa. Gwaggo ta sa hannu ta yaye.



Fuskar ta yi jajir, ta kumbura har idanun sun ƙanƙance. Ƙananan ƙuraje kamar an watsa gero sun cika goshi da kumatu, sun zagaye baki. Gefen hanci fatar ta fara ɓarewa. Fauziyya tana ta fifita wurin da murfin kwano, hawaye na gangarowa, duk inda ya bi sai ta cije leɓe.

"Zafi, Iya Batula. Kamar an shafa min barkono."

Batula ta ajiye kwanonta, ta durƙusa, ta kama haɓar yarinyar ta juya ta wajen hasken taga. Ta daɗe tana kallo.

"Yaushe ya fara?"

"Shekaranjiya ta ce min fuskarta na ɗaurewa," in ji Gwaggo Hanne. "Na ce dilka ce ke aiki. Jiya ta yi ja. Yau kuma ga abin da muka wayi gari da shi. Na ba ki yarinya fes, fara sol, kamar a taɓa jini ya fito. Me kika zuba a kwanon nan?"

"Abin da nake zubawa tun ba a haifi wannan ba. Dankali, kurkum, man gyaɗa, turare."

"Da me?"

"Da bisimilla."

"Kar ki yi min baƙar magana a ɗakina, Batula. Ku Barebari kun iya baki, amma yau baki ba zai fitar da ke ba. Dangin ango za su taso tun daga Kademi, a buɗe musu wannan? In ce musu me? Wuta ta faɗa?"

"Jikinta fa? Kin duba?"

Batula ta ja hannun Fauziyya, ta ture zanen da ke kafaɗarta. Fatar sumul, tana sheƙi, launin ta ya kwanta.

"Dilkar da na murza a nan ita na murza a fuska. Kwano ɗaya, hannu ɗaya. Me ya sa ba ta ci nan ba?"

"Ni za ki tambaya? Ni na yi aikin?"

Gwaggo ta juyo kan Khaula, muryarta ta ɗan sauka.

"Ke 'yata, ke ce mai hoda. Duba min. Za ta rufu?"

Khaula ta matso. Ba ta yarda sun haɗa ido da Fauziyya ba.

"Gwaggo, hoda ba ta zama a kan ƙurji. In na shafa mai rufe tabo, zai tsattsage kafin a gama hoto. Kuma zai ƙara mata zafi."

"Ko mai tsadar?"

"Ko ta Kano aka saya."

Gwaggo ta yi tsaki. Daga tsakar gida wata ta kwaɗa mata kira, wai mai ya ƙare kuma an rasa mabuɗin ɗakin ajiya. Ta nuna Batula da yatsa.

"Ina zuwa. Ba mu gama ba."

"Ni ma alwala zan yi," in ji Batula. "Azahar ba ta san da rigimarku ba."

Suka fita a jere, kowacce ta ɗaure fuska.

Labulen bai gama sauka ba Fauziyya ta cafko hannun Khaula.

"Kin zo min da shi?"

"Ki rage murya."

"Na ce kin zo da shi?"

"Da Iya a gefena zan ɗauko? Ina wanda na ba ki?"

"Gwaggo ta kwashe. Ba dokar uwarki ba ce? Ranar da aka sa ni a ɗaki ta ce kada wani mai ko sabulu ya kwana kusa da ni, sai sabulun salo da man kaɗanya. Gwaggo ta bi ɗakin nan kamar mai neman allura. Har cikin matashin kai ta laluba. Ta zuba komai a leda ta kulle a durowarta."

"Na ce miki ki kai gidan maƙwabta ki ɓoye."

"Kin ce min in na daina fuskata za ta zama haka? Wannan kin gaya min?"

Khaula ta kau da kai. Ba ta gaya mata ba. Ta kuwa sani, don ta taɓa ganin irinsa a fuskar wata mai saye da ta yi tafiya ta manta kwalbarta.

Bari in faɗi abin yadda yake, don na ga wasunku na neman yi mata uzuri. Khaula ta fara sana'arta da gaskiya. Kwalliyar talaka take yi. Jagira ɗaya, kwalli, jambaki kala biyu, hodar kasuwa, ta fitar da yarinya tsaf ba tare da an sayar da akuya ba. Kullum da safe tana ɗora wa mabiyanta nasiha a waya: ki wanke fuska da sabulun salo, ki tsane da tsumma mai tsabta, ki shafa man kaɗanya kaɗan, kada ki kwana da kwalliya, kada ki ari soson hodar wata. Duk gaskiya ne, kuma duk daga bakin uwarta ta ji.

Matsalar daga hodar ta fara. Hoda mai araha da ake kawowa kasuwa kusan duk ta farare ce. In ta shafa wa baƙar yarinya sai ta fito kamar an tsamo ta daga toka. Wadda za ta dace da fatarsu kuwa sai an je Kano, kuma ta fi ƙarfin aljihun masu zuwa wajenta. Mai hankali zai nemo hodar da ta dace da fuska. Khaula sai ta zaɓi ta gyara fuskar ta dace da hodar. Wata ta koya mata a waya. A sayi man tub kala uku a kemis, irin wanda ake ba masu ciwon fata, a matse a cikin man shafawa, a juya. Sati biyu yarinya ta fara haske, hoda ta hau, kowa na yabon hannun Khaula. Da rana tana wa'azin man kaɗanya, ta bayan gida tana miƙa kwalba marar suna.

Fauziyya ta fi shekara tana shafawa safe da yamma. Fatar ta saba, ta yi laushi kamar takarda. Aka zo aka yanke mata shi rana ɗaya, aka bi da murza. Abin da ya biyo baya ke nan.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba wanda ya ɗaure Fauziyya ya shafa mata. Amma wadda ta haɗa ta san abin da ta haɗa.

"Ki saurare ni," in ji Fauziyya, tana jan numfashi. "In na shafa yau, gobe zai kwanta. Na sani. Duk lokacin da ƙurji ya fito min, in na ƙara shafawa kwana ɗaya yake bajewa. Ki koma Gaya yanzu ki ɗauko. Ki ce kin manta wani abu."

"Zai kwanta, ya dawo ya fi haka. Asibiti ya kamata a kai ki."

"Yanzu kika san asibiti?"

"Fauziyya, don Allah."

"Asabar kawai nake so in wuce. Bayan nan ko fatar ta zube ƙasa, a gidana ne. In ya kwanta, Gwaggo za ta ce rashin sabo ne, uwarki ta fita, ke ki fita, ni in fita. Wa ya yi asara?"

Khaula ta tashi ta je bakin taga, ta dawo, ta sake komawa. Maganar ta shige ta. Awa nawa ne zuwa Gaya a dawo? In ta samu mai babur, kafin la'asar ta iso.

"In kuma kika ƙi," Fauziyya ta ci gaba, muryarta ta yi sanyi, "kika bari aka kai ni da wannan fuskar, wallahi Yaya Abdulsalam sai ya san wadda ta yi min. Shi da yake cewa abin da ya burge shi da ke, ba ki da rawar kai irin ta 'yan matan yanzu."

"Ni kike wa barazana? Wa ya yi ta bina har gida, wai angonta ya ce yana son mace mai haske?"

"Na bi ki. Ke kuma kika ba ni."

"Zan je. Ki bari in samu hanyar fita. Amma ledar nan, kada ki bari a buɗe ta. Ko me za a yi."

"Don me? Ai ba suna a jiki."

Khaula ta matso kusa da kunnenta.

"Na zuba humrar Iya a ciki."

Fauziyya ta daina fifita.

"Warin magani yake yi in an haɗa," Khaula ta ce da sauri. "Masu saye suna ƙorafi, wai mazansu da iyayensu za su gane. Sai na riƙa ɗiga kaɗan daga kwalbarta."

Humrar Batula ba irin ta kasuwa ba ce. Haɗin kakarta ne da suka taho da shi daga gabas. Ba ta sayarwa, ba ta bayarwa, ba ta faɗin abin da ke ciki. Ranar kai amarya kawai take fito da ita, ta shafa wa yarinyar da ta gyara a wuya da bayan kunne da hannunta. Daga Gaya zuwa Ajingi, in mace ta wuce aka ji wannan ƙamshin, an san daga hannun wa ta fito.

Takun takalmi ya matso. Khaula ta koma gefe ta hau buɗe akwatinta tana rufewa.

Batula ce ta fara shigowa, ruwan alwala bai bushe a goshinta ba. Gwaggo Hanne na biye da ita, tana ɗaure mabuɗai a bakin zane.

"Iya," Khaula ta yi saurin cewa, "na manta man sanyaya fata a gida. Bari in hau babur in ɗauko, ko zai rage mata zafin."

"Zauna."

"Yanzu zan dawo."

"Na ce ki zauna. Ba a shafa wa fuskar nan komai sai na san abin da ya cinye ta."

Batula ta sake durƙusawa gaban amarya. Wannan karon ba fuskar ta kalla ba. Kunnen ta kama, ta lanƙwasa shi, ta duba bayansa, ta bi da yatsa zuwa ƙeya.

"Hanne, zo ki gani. Kalli bayan kunnen nan. Kalli kumatun. Launi ɗaya ne?"

Gwaggo ta sunkuya, ta ƙura ido.

"Rana ce."

"Rana tana shiga bayan kunnen mai hijabi ta bar goshinta? Fauziyya, ranar farko na ga wannan. Na tambaye ki ko kina shafe-shafe. Me kika ce min?"

Fauziyya ta sunkuyar da kai.

"Rantsuwa kika yi min. Na ce to, 'yar mutunci ba ta rantsuwa a kan ƙarya, na ci gaba da aikina. Da kin faɗa min gaskiya, da ban taɓa fuskar nan da dilka ba."

"Me kike nufi?" in ji Gwaggo. "Bilicin? 'Yar tawa? Uwarta fara ce, kowa ya sani."

"Na san uwarta, Allah ya ji ƙanta. Wankan tarwaɗa ce. Ina ledar da na ce ki kwashe kayan shafarta a ciki?"

"Tana durowata."

"Ɗauko."

Khaula ta yi saurin shiga tsakani.

"Iya, a bar maganar leda. A kai ta asibiti kawai, likita zai duba."

"Za a kai ta. In an je, likitan ma abin da zai fara tambaya ke nan, me take shafawa. Ɗauko, Hanne. An kira ni gaban mata an ce in zo in ga aikina. To yau sai an ga ko aikin waye."

"Gwaggo, kar ki ɗauko," Fauziyya ta ce cikin kuka. "Ba komai a ciki."

Wannan kalmar ce ta tayar da Gwaggo Hanne. Ta dubi 'yarta, ta dubi Batula, ta kwance mabuɗan ta fita.

Daga waje ana jin ƙarar mai a kasko. Khaula ta matso kusa da uwarta. Bakinta ya buɗe. Kalma ɗaya ce, in ta faɗa yanzu, kafin Gwaggo ta dawo, aƙalla Iya ba za ta faɗa ramin da ido rufe ba.

"Iya."

"Mene ne?"

Ta tuna Abdulsalam a zauren gidansu makon jiya, yana ce wa Iya shi ba kyau ya biyo ba, tarbiyyar gidan ya biyo.

"Ba komai."

"To ki daina min tsaye a ka."

Gwaggo ta dawo da baƙar leda, ta zazzage ta a kan tabarma. Kayan suka watse. Hoda mai madubi da murfinta ya tsage. Jagira biyu, ɗaya an fere ta har ta kusa ƙarewa. Jambaki ja, jambaki mai maiƙo. Kwalli a 'yar kwalba. Sabulun wanka rabi. Soson hoda da ya yi baƙi don datti.

Batula ta ɗaga soson da yatsa biyu.

"Wannan kaɗai ya isa ya ba mutum ƙuraje. Ba kya wankewa?"

Ta jefar, ta ci gaba da tonawa. Ta ɗauki man shafawa na kanti, ta duba, ta ajiye. Can ƙarƙashin ɗankwalin da aka cusa a ledar, wata farar kwalbar roba ta gangaro, ta tsaya a gefen ƙafar Gwaggo. Babu takarda a jikinta, babu rubutu.

Gwaggo ta ɗauka.

"Wannan fa?"

"Shi ne," in ji Batula. "Duk man da ya ji kunyar faɗin sunansa, ka san ba alheri ya ƙunsa ba. Buɗe ki gani."

Gwaggo ta murɗe murfin.

Ba sai an kai hanci ba. Ƙamshin ya tashi a hankali, ya danne warin man suya, ya danne kurkum, ya cika ɗakin.

Gwaggo Hanne ta tsaya da murfi a hannu. Ta kai kwalbar hancinta, ta shaƙa, ta sake shaƙa. Sannan ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ikon Allah. Batula, shinshina."

Batula ba ta miƙa hannu ba. Ta riga ta ji.

"Na ce ki shinshina. Ko kin manta bikin Hure, 'yar wajena, da na bi ki har bakin mota ina roƙo ki sayar min da ko cokali ɗaya? Me kika ce min gaban mutane? Kika ce humrarki ba ta fita daga ɗakinki sai a wuyan amarya. To ga ta a cikin man bilicin. Ƙafa ta yi?"

Batula ta karɓi kwalbar. Ta lakato kaɗan, ta murza tsakanin yatsu, ta kalli yatsun. Khaula tana ganin yadda jijiyar wuyanta ke motsi. Watanni ke nan Iya na cewa humrarta na raguwa, tana ɗora laifin a kan murfin da ba ya rufuwa da kyau.

Ba ta juyo ta kalli 'yarta ba. Da ta kalla, da ya fi sauƙi.

Gwaggo ta juya kan amarya, ta finciko mayafinta.

"Ke. Wa ya ba ki?"

"Gwaggo..."

"Ba Gwaggo na tambaye ki ba. Daga hannun wa kika karɓa? In kika yi min ƙarya yau, wallahi da kaina zan aika Kademi a ce an ɗaga."

Fauziyya ta ɗago kumburarrun idanunta. Suka bar fuskar Gwaggo, suka fara tafiya a hankali zuwa inda Khaula take tsaye. Leɓenta ya motsa.

"Ni na ba ta."

Batula ce ta yi maganar. Ta mayar da murfin, ta murɗe shi sosai, ta ajiye kwalbar a gabanta.

"Ni na haɗa. Ki ƙyale yarinya."

Gwaggo ta saki mayafin.

"Ke?"

"Ni."

"Ke da ba a gama biki ba ki zagi masu shafe-shafe ba? Ke da kike cewa wanda ya raina fatar da Allah ya ba shi ya raina Mai bayarwa?"

"Baki daban, ciki daban. Zamani ya canza, amare na son haske, dilka kaɗai ba ta kawo shi."

"To don me kika ce in ɗauko ledar?"

"Na ɗauka ta ƙarar da shi tuni. Tsufa ne."

Muryarta ba ta yi rawa ba. Matar da ta shekara talatin tana shiga gidajen mutane ana ba ta amanar 'ya'ya, wadda ko tsinke ba a taɓa cewa ya ɓata a ɗakin da ta zauna ba, ita ce zaune a kan tabarma tana shirya wa kanta ƙarya daki-daki. Ta san abin da take sayarwa. In maganar nan ta fita tsakar gida, babu uwar da za ta sake miƙa mata 'yarta, daga nan har ƙauyukan da ba ta taɓa takawa ba.

Gwaggo Hanne ba yarinya ba ce. Ta daɗe tana kallon Batula, kanta a karkace.

"Ban yarda ba. Akwai abin da bai zauna min ba."

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci Khaula.

"Ke 'yata. Ɗaki ɗaya kuke kwana. Ke zan shigo da ke gidan nan in ba ki ɗana, to mu fara da gaskiya tun yau. In uwarki na rufa wa wani asiri ne, ki faɗa, in san inda zan nufa. In kuma ita ce, sai matan da ke waje sun ji, don akwai masu 'ya'ya a cikinsu. Tsakaninki da Allah, kin taɓa ganin tana haɗa wannan abin?"

Khaula ta ji hannu ya kama tsintsiyar hannunta. Hannun Iya ne, mai kaushin murza, ya matse har ƙashi. Batula ba ta ɗago kai ba. Cikin ɗan guntun Barbarcin da ya rage a gidansu, wanda Gwaggo ba ta ji, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai tasbihi. Cewa ta yi, in kika ƙaryata ni a gaban matar nan, ban yafe miki nonon da kika sha ba.

"Me take ce miki?" in ji Gwaggo.

"Cewa na yi ta faɗi gaskiya," in ji Batula.

Khaula ta dubi Fauziyya. Fauziyya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta dubi ƙofa. Ta dubi furfurar da ta leƙo daga ƙarƙashin ɗankwalin uwarta. Za ta iya cewa umarnin uwa ta bi, kuma na san da yawanku haka za ku ce. Amma ita ta san a ranta cewa tun kafin Iya ta kama hannunta, amsar da take so ta bayar ke nan.

"Ina jin ki," in ji Gwaggo.

"Na gani."

"Da idonki?"

"Da idona."

Sai a lokacin Batula ta saki hannunta. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta tsaya.

Gwaggo Hanne ta sunkuya ta ɗauki kwalbar. Ta taka zuwa ƙofa, ta kama labulen ta yaye shi gaba ɗaya, haske ya faɗo ɗakin. Matan tsakar gida suka ɗago kai a tare.

"Ku sauke kaskon nan," ta ce. "Duk wadda Batula ta taɓa gyara wa 'ya, ta matso kusa."